Bulon Ƙarƙashin Gadon Gwaggo

Gadon Gwaggo Indo ya fi kowane gado tsawo a gidanmu, kuma ba kafinta ne ya yi shi haka ba. Ƙafafunsa a kan bulo suke, duk damina sai an ƙara jeri. Lokacin da na zo Yamai karatu jeri ɗaya na tarar. Kafin in gama jami'a in zauna jiran aiki, sai ta kife turmi ta taka sannan ta iya hawa. Ita ce ma ta fi kowa dariyar abin. Takan ce duk unguwarmu ta Dar es Salam ita kaɗai ke kwana a bene ba ta gina bene ba.

Gidan na ƙanenta ne, Alhaji Ɗahiru, wan mahaifina. Ita ta goya shi a Maraɗi, shi kuma da mijinta ya rasu ya ɗauko ta, kuma ba ya gajiya da ba baƙi wannan labari. Ɗakinta na can ƙarshen gida, bayan madafa, jikin katangar baya.

A layinmu kowa na tsoron ruwa, kuma maganin kowa ɗaya ne. Mutum ya kira mota ta juye masa jar ƙasa a ƙofar gida, ruwan ya wuce wurin maƙwabci. Maƙwabci ma ya kira tasa motar. Ana haka ana haka har layin ya fi tsakar gidajen tudu. Wuriyar da ke gindin katangarmu, wadda aka yi don fitar da ruwa, ta koma shigo da shi, Baba Alhaji ya sa aka toshe ta da siminti. Daga nan ya ɗaga bakin ƙofa da garaji saboda mota, aka shimfiɗa karo, wato tayil mai sheƙi, a tsakar gida. Magini ya tambaya ina za a karkata gangaren, tunda ruwan sama dole ya sami wurin zuwa. Aka ce ya karkata shi baya, can ba komai.

Can ɗin kuwa ɗakin Gwaggo ne.

Da an yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a rufin gida da tsakar gida sai ya bi karon nan a guje, ya taru a ƙofarta, ya ɗan yi jim kamar mai jiran a amsa sallama, ya shiga. Takalmanta ne ke fara fitowa yawo, buta ta biyo baya. Ita kuwa tana bisa gado da carbi, tana kallonsu tana kiran sunayensu. In ruwan ya ɗauke, ni da ita mu kwashe da bokiti, in hau gangaren in zubar a waje, in da rabo maƙwabci bai gan ni ba.

Akwai ɗaki mai kyau kusa da falo, da taga biyu, busasshe ƙayau. A nan kayan Hajiya Sakina, matar Baba, ke kwana. Shagonta na Babbar Kasuwa ƙarami ne, don haka dilolin shadda da atamfa a gida suke. Duk wanda ya kawo maganar ɗakin, amsar Hajiya ba ta canzawa: shadda ba ta son danshi. Takan ƙara da cewa ai Yaya Indo ita ta fi son can baya, ba ta son hayaniyar tele, ba ta son sanyin klim, na'urar nan ta sanyaya ɗaki. Ban taɓa jin an tambaye ta ba.

Na taɓa cewa, murya ƙasa ƙasa, ko Gwaggo za ta dawo ɗakin da nake kwana da ƴan matan gidan. Hajiya ta ce yaran na da jarrabawa, ga tsohuwa da tashin asuba da kakkaɓar shimfiɗa. Baba ya yi dariya ya ce masu digiri sun fara mulki. Ya ce a bari damina ta wuce, zai sa a ɗaga ɗakin gaba ɗaya. Damina ta wuce, ya ce yanzu ai ba ruwa, gaggawar me ake.

Bana ya sami amsar da ta fi duk waɗannan. Muna cin tuwo aka faɗa a tele cewa gwamnati ta ware kuɗi don a binciki unguwannin da ruwa ke ci, a auna, a zana, sannan a haƙa kaniwo, manyan magudanan nan na siminti, inda aka fi buƙata. Baba ya aje cokali ya sa aka kira Gwaggo.

"Kin ji ko, Yaya? Gwamnati da kanta ta shigo maganarki. Etid za a yi, bincike na masana. In na taɓa ɗakin nan yanzu, na ɓata musu awo."

Daga ranar, etid ya zama amsar komai. A buɗe wuriya? A jira etid. A ƙara dakali a ƙofarta? Kada a riga etid. Gwaggo ta mai da abin wasa, kullum da safe in ta gaida ƙanenta sai ta tambayi lafiyar etid, ko ya baro garinsu, ko a aje masa fura.

Amma ruwan bana bai jira kowa ba. Tun farkon damina ƙasan ɗakin bai sake bushewa ba. Gwaggo na da ƴar sana'arta, tana shanya zogale ta kai wa ƙawarta Safiya da ke sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a kasuwar Lazaret. Buhu biyu suka yi funfuna a ƙarƙashin gado, ta zubar, ta ce dama awakin layi sun daɗe ba su ci daɗi ba. Ruwa ya ci tsakanin yatsun ƙafarta, fatar ta yi fari ta tsage. Ta daina zuwa Lazaret don tafiyar ta fi ƙarfinta. Safiya ce ta zo duba ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, ta ce mata ta dawo wurinta, nata ɗakin a can Lazaret a tudu yake kuma tabarma biyu na shiga. Gwaggo ta ce wa zai ji ta bar gidan ƙanenta ta koma gidan ƙawa, me za a ce da Ɗahiru a gari.

Sai tari ya zo. Hajiya ta aiko da turaren wuta mai tsada saboda warin katifa ya fara kaiwa madafa. Baba kuwa ya dawo wata rana da leda, fuskarsa cike da fara'a, ya miƙa mata takalman roba masu tsawo har gwiwa, irin na masu yashe kwata. Ya ce ya zagaya kasuwa kafin ya sami daidai ƙafarta. Ta sa su ta yi tafiyar soja a tsakar gida, ƴan mata suka yi ta dariya, ta sa masa albarka. A cikin robar nan ƙafar ta ƙara ruɓewa.

Tsakiyar Agusta mai unguwa ya aiko da sanarwa. Ma'aikatan bincike za su bi gida gida. A kowane gida za su nemi wanda ya fi kowa shekaru, su tambaye shi inda ruwa ke kaiwa, su auna alamar da ya bari a bango. Layin da ya fi shan wuya shi za a fara yi wa kaniwo.

Na ɗauka Baba zai yi murna. Ya fita fada, wurin da mazan layi ke shan shayi bayan la'asar, ya dawo fuska a murtuke. Wani ya ce ya ji daga wani cewa duk gidan da aka samu ruwa na shiga za a shafa masa jan fenti a ƙofa, kuma gida mai jan fenti ko kyauta ba mai so. Wani ya ce ai rushewa ma za a yi. Ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya tambayi mai unguwa. Shi kuwa Baba yana da mai son sayen gidanmu, wani ɗan kasuwa daga Tawa da ya ga gidan da rani, ya yaba karon, ya ce zai dawo.

Washegari ɗakin Gwaggo ya ga gatan da bai taɓa gani ba. Aka fito da kayanta rana. Masu fenti suka kankare layin nan mai ruwan ƙasa da ya zagaye bango daidai ƙugun mutum, suka shafa shuɗi mai haske har sau biyu. Aka goge ƙasa, aka kunna gawayi a kasko don ta bushe. Aka kawo darduma daga falo, da fanka mai tsayawa. Hajiya da kanta ta zaɓo atamfa cikin kayanta, tela ya ɗinka a yini ɗaya, ta haɗa da safa don rufe ƙafa.

Sai aka zo kan gado. Baba ya ce gado a kan bulo ai shi ne shaida, ko makaho ya shafa ya gane. Aka sauke shi. Hajiya ta ce kada a zubar da bulon, a kai ɗakin kaya a ɗora sababbin diloli a kai, ba a san danshi ba.

Gwaggo ta shigo ta ɗaga ƙafa za ta hau yadda ta saba, ba turmi ba tsawo, ta faɗa kan katifa tim. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce yau an sauke ta daga mulki.

Da magariba Baba ya zo ɗakin, abin da ya daɗe bai yi ba. Ina ninke mata kaya a gefe, bai ko lura da ni ba. Ya zauna a bakin gado ya yaba fenti, ya tambayi tari, sannan ya sauke murya.

"Yaya, gobe in baƙin nan sun tambaye ki, ki ce lafiya lau muke."

"Ai lafiya lau muke, Ɗahiru."

"Maganar ruwa nake nufi. Rufin asirina a hannunki yake. In gidan nan ya sayu, wanda zan gina ɗakinki ne zai fara tashi, ciki da falo, a tudu."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce ya rame, ko ba ya cin abincin rana a kasuwa.

Da hantsi suka iso, mace ɗaya da namiji ɗaya riƙe da doguwar sandar awo. Matar ita ce injiniya, ta ce sunanta Hadizatu. Ta yi gaisuwa da Zabarmanci, da ta ji amsarmu ta juya Hausa. Baba ya so a zauna a falo a sha lemo, ta ce sai an gama. Tana tsaye a tsakar gida tana shan ruwan leda, sai ta tsiyayar da ragowar a kan karo. Duk muka bi shi da ido. Ya miƙe siriri, bai yi ko shawara ba, ya wuce madafa ya tsaya a ƙofar Gwaggo. Baba ya ce akwai rami a baya da ke shanye shi. Ta ce to.

Gwaggo na zaune a bakin gado cikin sabuwar atamfa da safa, fanka na kaɗa mata mayafi, kamar wadda za a ɗauka hoto. Madam Hadizatu ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta shaƙi iska, ta dangwala yatsa a bango ta duba. Mai sanda ya nemi abin da zai auna bai samu ba, ya jingina ta.

"Inna, in an yi ruwa mai yawa, ina yake kaiwa a ɗakin nan?"

Gwaggo ta dubi bango, daidai inda layin yake kafin jiya. Ta dubi ƙanenta da ke tsaye a bakin ƙofa yana murza carbi.

"Ƴata, ɗakin nan bai san ruwa ba."

Matar ba ta yi gardama ba. Ta yi mata bayani a hankali, cewa ba jan fenti a aikinsu, ba rushe gida. Kuɗin da aka ware ba za su kai kowane layi ba, kuma abin da tsofaffi suka faɗa da abin da bango ya nuna, da su za a zaɓi inda za a fara. Tana maganar tana kallon safar, wadda ta fara jiƙewa a wajen yatsu. Ta sake tambaya.

"Ƙanena bai bar ni cikin ruwa ba," in ji Gwaggo.

Madam Hadizatu ta danna abin da za ta danna a na'urarta, ta miƙe. Da muka raka su ƙofa ta ce wa abokin aikinta, da ƙarfin da kowa zai ji, layin nan Allah ya yi masa albarka, gida bayan gida ba wanda ruwa ya taɓa shiga, kuma duk jiya suka yi fenti. Ta ce in akwai wanda binciken nan ya amfana, mai shagon fenti ne. Baba ya yi dariya ya ce mutanen layin akwai tsabta.

Kafin la'asar darduma ta koma falo, fanka ta bi ta.

Bulon ne bai dawo ba. Gwaggo ta tambaya sau ɗaya, Hajiya ta ce dilolin da nauyi, sai an sami masu ɗagawa. Na ce zan nemo wasu a wurin masu gini, Baba ya hana. Mutumin Tawa na iya faɗowa kowace rana, kuma ba zai so ya ga gado a sama kamar rumbu ba. Ya ce ai damina ta kusa ƙarewa. Aka yi ƙananan ruwa biyu, suka shiga suka tsaya ƙasa da katifa, Gwaggo ta ce ko ruwan ma ya ji abin da ta faɗa wa gwamnati, yana jin kunyar ƙaryata ta.

Ba a daɗe ba mai unguwa ya kawo labari. An sa layinmu cikin masu ƙaramin haɗari. Za a fara haƙa ta wajen Lazaret, mu sai wani zagayen in an sake samun kuɗi. A fada aka yi ta taya juna murna, ba a shafa wa kowa ja ba. Ba wanda ya kawo maganar cewa a sauran unguwannin ma ba a shafa wa kowa ba. Baba ya sayo gasasshen nama, ya sa aka kai wa Gwaggo nata da yawa, ya ce ita ce gwarzuwar gida.

Wata ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci gabas ta yi baƙi. Ruwan da aka yi ranar, tsofaffin layi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Muna falo muna kallonsa ta taga yana gudu a kan karo. Da na samu na kutsa baya, ruwan ya kai mini cinya. Gwaggo na tsaye a kan gado, gadon kuma na cikin ruwa, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da carbi. Katifa ta sha ta ƙoshi. Sabon fenti ya kumbura yana saɓulowa, tsohon layin ya leƙo daga ƙasansa. Adakarta ta ƙarfe, wadda da take zaune lafiya a ƙarshen gado can sama, ta kife. A ciki akwai farin yadin da ta aje tun daga Maraɗi don ranar da za a buƙace shi. Da muka ciro shi ya yi ja da laka, da ɗigon shuɗi nan da can.

Ta kwana a madafa a kan buhunan shinkafa. Hajiya ta ce na yau kaɗai, don kada ɓera ya saba ganin ƙofa a buɗe.

Da safe ta wanke yadin ta shanya, jan bai fita ba. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta taka har falo ba a kira ta ba. Ta tsaya a bakin darduma don ƙafarta a jiƙe take. Baba na shan shayi, Hajiya na duba hotunan sababbin shadda a waya, ni ina kwashe kofuna.

"Ɗahiru, a ba ni gefe a ɗakin kaya. Tabarma ɗaya. Har ruwa ya ɗauke."

Hajiya ta ce da ma a ce ba jiƙaƙƙun kaya za ta shigo da su ba, ga tari, shadda kuma tana ɗaukar wari. Baba ya kurɓi shayi. Yana cikin nishaɗi, mutumin Tawa ya kira da sassafe ya ce yana hanya cikin satin nan.

"Haba Yaya, wane ruwa kuma? Ke da bakinki kika faɗa wa ma'aikatan gwamnati ɗakin nan bai san ruwa ba. An rubuta, yana can a ofis."

Da wasa ya faɗa. Hajiya ta yi dariya, shi ma ya yi, yana jiran Gwaggo ta mayar masa da wata raha kamar yadda ta saba. Da bai ji komai ba sai ya gyara zama, ya ce ta duba ta gani, in baƙo ya zo ya tarar an kwashe ta daga ɗakin ai ya gane. Za a sake shafa fenti gobe. Ta ƙara haƙuri kaɗan, ita da ta yi mai yawan. Kuma a sauke farin yadin nan daga igiya, ba kyan gani.

Gwaggo ta dube shi irin kallon da ta yi masa ranar da ta ce ya rame, amma wannan karon ba ta tambayi ko ya ci abinci ba. Ta juya.

Ina wanke kofuna a bakin famfo na ga ta sauke yadin, ta ninke shi da danshinsa. Ta shiga ɗaki ta fito sanye da tsohon zanenta. Sabuwar atamfar ta ninke ta, ta ɗora safar a kai, ta aje a kan tagar ɗakin kaya inda ba danshi. Takalman robar ta jera su a ƙofar ɗakinta, dama da hagu, kamar mai su na ciki. Ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta aza a ka.

A gidanmu fita hawa ce. Ta bi gangaren karon a hankali, tana dafa bango, kowane taku na barin sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ta wuce madafa, ta wuce ni, ta wuce tagar falo inda tele ke nuna manyan motoci sun fara haƙar kaniwo, Baba na ce wa Hajiya aikin nan fa da gaske suke. A bakin ƙofa ta ɗaga ƙafa ta hau dakalin da aka yi don mota, ta sauka a layi, ta fuskanci hanyar Lazaret.

Sannan ta jawo ƙofar a hankali, yadda take yi in masu gida na barci.